Ban haihu ba, zan sayar da filin gadona in haƙa rijiya da sunana

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce mai shekara 56, a Funtuwa nake zaune. Na haura shekara talatin a ɗakin mijina, Allah bai ba ni haihuwa ba, ko ɓatan wata ban taɓa yi ba. Abokiyar zamana 'ya'yanta bakwai. Sana'ata ɗinki, a cikin gida nake yi, ina da kekuna uku, kuma 'yan mata suna zuwa koyo. Waɗanda suka bi ta hannuna ban san adadinsu ba. Na riƙi 'yar ƙanena tun daga yaye har na kai ta ɗakinta.

Watan jiya aka yi rasuwar wata Hajiya a unguwarmu. A wurin zaman makoki ba abin da ake faɗi sai masallacin da ta gina, da rijiyar burtsatsen da ta haƙa, ga 'ya'ya da jikoki sun cika gida suna karɓar gaisuwa. Muna dawowa sai abokiyar zamana ta ce, kamar da wasa, "Wani kuwa in ya mutu ko mai shimfiɗa tabarma ba za a samu ba." Tun daga ranar barci ya gagare ni. Ina da fili guda da na gada wurin mahaifina. Na yanke shawarar in sayar da shi, in haɗa da kekuna biyu, in haƙa rijiyar burtsatse a rubuta sunana a jiki, ko na bar wani abu a bayana. Maigida ya ce ba ruwansa, dukiyata ce.

Akwai kuma abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. 'Yan koyon nan ina nuna musu ɗinki, amma yanka ba na nuna musu sosai, sai sun tashi nake yankawa. Dalili, akwai wadda na taɓa koya wa komai, ta je ta buɗe shago ta kwashe min masu kawo ɗinki. Malama, ki ba ni shawara tsakani da Allah.

Wata baiwar Allah, Funtuwa

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Yaya. Allah ya sanyaya miki zuciya.

Zan fara da abin da ya fi gaggawa, domin dillalan fili ba sa barci. Kada ki sayar da filin nan, kekunan ma ki bar su inda suke. In har wani ya riga ya taya, ki aika masa cewa kin dakata. Shawarar da aka yanke da tsakar dare, ido biyu, maganar kishiya tana yawo a kunne, ba a sa mata hannu a takarda.

Ga dalilin da mutanen da ke kusa da ke za su ji nauyin faɗa miki. Rai a hannun Allah yake, ba a san gawar fari ba, amma a ce maigida ya riga ki. Tunda yana da 'ya'ya, rabon matansa tumunin takaba ne, kashi ɗaya cikin takwas, kuma ku biyu za ku raba. Naki ya zama kashi ɗaya cikin 16 na abin da ya rage bayan an biya bashi an fitar da wasiyya. Gidan da kike kwana a ciki yau, kusan dukansa zai koma hannun 'ya'yan abokiyar zamanki. Wataƙila yaran kirki ne, su ce ba inda za ki. Wataƙila kuma matsin rayuwa ya sa su sayar su raba kuɗin, kamar yadda muke gani kullum. Uwarsu tana da gidaje bakwai da za ta zaɓi inda za ta zauna. Ke kuma filin nan da kekunan nan su ne rufin asirinki, su ne za su hana ki zama a ɗakin alfarma kina jiran a sammiki tuwo. Addini bai nemi ki tsiraita kanki don neman lada ba. Lokacin da Allah ya karɓi tuban Ka'abu ɗan Maliku bayan yaƙin Tabuka, murna ta sa ya ce zai sadaukar da dukiyarsa gaba ɗaya. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce masa ya riƙe wani abu, hakan ya fi masa alheri, shi kuma ya riƙe rabonsa na Haibara. Namiji ne fa mai ƙarfin nema aka gaya wa haka.

Ita kanta rijiyar burtsatsen, haƙa ta shi ne ƙaramin aikin. Ki zaga unguwannin garinku ki ƙirga tankunan da ke tsaye a bushe, allon sunan mai aikin yana nan fes, famfunan kuwa yara sun karye kawunansu. Injin da ke jawo ruwa ya ƙone, ko janareta ba mai, ko an sace allon sola, kowa ya ɗauke kai yana jiran wanda ya haƙa ya zo ya gyara. Attajiran da rijiyoyinsu ke ba da ruwa shekara da shekaru, duk wata suna sa hannu a aljihu. Ke in kin sayar da fili da kekuna, da me za ki yi gyaran farko?

Ina so ki yi wa kanki tambaya guda bayan sallar asuba, ke kaɗai. Da za a haƙa rijiyar ba tare da an rubuta sunan kowa ba, kuma abokiyar zamanki ba za ta taɓa sanin ke kika yi ba, za ki sayar da filin? In amsar e ce, to ruwan ne a ranki, kuma yana da hanyoyi masu sauƙi, zan zo kansu. In kuwa kin ji zuciyarki ta ɗan ja baya, kada ki tsargu, 'yar Adam ce ke, kuma an taɓa ki a inda ya fi ciwo. Sai dai ki gane cewa martani kike son mayarwa, martanin gori da kuɗin fili kuwa ya yi tsada. Mai gori ba ta rasa abin faɗi. Ranar da aka buɗe rijiyar za ta iya cewa dama wanda ba shi da magaji ai dole ya binne dukiyarsa a ƙasa.

Maganar da ta yi miki gori ce, ko da dariya aka haɗa ta, kuma gori ne a kan abin da ba ke kika yi wa kanki ba. A ƙarshen Suratus Shura, aya ta 49 da ta 50, Allah ya faɗa ƙarara cewa yana ba wanda ya so 'ya'ya mata, ya ba wanda ya so maza, ya gauraya wa wani, ya bar wanda ya so ba haihuwa. Duka huɗun rabo ne daga hannu guda. Cikin matan Annabi, in kin cire Nana Hadiza da Mariya, ba wadda ta haifa masa ɗa. Nana A'isha ba ta taɓa haihuwa ba, har ta taɓa nuna damuwa cewa sauran mata suna da alkunya ita ba ta da, aka ce ta yi alkunya da ɗan yayarta Asma'u, wato Abdullahi ɗan Zubairu, shi ya sa ake ce mata Ummu Abdullahi. Me ta yi da rayuwarta? Ta riƙi Ƙasimu, ɗan ƙanenta Muhammadu, bayan an kashe ubansa a Masar. Amratu 'yar Abdurrahman a gabanta ta tashi. Urwatu, shi ma ɗan yayarta, ya lizimce ta yana ɗaukar karatu. Ƙasimu da Urwatu suna cikin manyan malaman fiƙihu bakwai na Madina, kuma ilimin Madinan nan da Imamu Malik ya tarar, wanda mu a nan muke bin mazhabarsa, wani babban kaso nasa ta ɗakinta ya biyo. An ruwaito hadisi sama da 2,000 daga gare ta. Ke ma 'yar ƙanenki kika riƙa, ke ma 'ya'yan mutane ke zama a gabanki kullum suna kallon hannunki.

Hadisin nan da ake karantawa a kowane zaman makoki, na Abu Huraira da Muslim ya ruwaito, abu uku ya ambata da ba sa yankewa bayan mutuwa: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yin addu'a. Na lura mutanenmu na farko da na ƙarshe suke ji. Mai kuɗi ya kama na farko, mai 'ya'ya ya kama na ƙarshe, wanda ba shi da ko ɗaya ya koma gida yana ƙunci. Na tsakiyar an bar wa malaman zaure kamar ba ruwan kowa da shi. Gaskiya ne ilimin addini shi ne kan gaba a nan, amma malamai ba su rufe ƙofa a kansa ba. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, da yake lissafa abubuwan da suke farilla a kan al'umma, waɗanda in kowa ya bar su duk gari ya yi laifi, ya kawo likitanci da lissafi da noma da saƙa, ya kawo ɗinki da sunansa. Ashe abin da kike yi a tsakar gidanki kina ganin neman kuɗin cefane ne kawai, sauke wa gari nauyi kike yi.

Shi ya sa a duk wasiƙarki, abin da ya fi tsaya min a rai shi ne wanda kika ajiye a ƙarshe kamar ƙarin bayani. Kina neman sayar da gadon ubanki don ki bar abu a bayanki, alhali abin da ya fi komai daraja a hannunki kina jiran yara su tashi ki ɓoye shi. Duk wanda ya san ɗinki ya san yanka shi ne sana'ar. Taka keke kowa zai iya cikin wata biyu. Sanin yadda za a ɗauki awo, yadda za a shimfiɗa atamfa zanenta ya haɗu a gaba, inda za a bar sarari a hammata, yadda za a fitar da riga da siket da ɗankwali daga turmi guda har a rage wa yaro, yadda leshi yake zamewa a ƙarƙashin almakashi da yadda shadda take taurin kai, wannan ne kika kwashe shekara talatin kina tarawa, kuma ba a rubuce yake a ko'ina ba sai a kanki da yatsunki. Yarinyar da ta bar gidanki ta iya ɗinki ba ta iya yanka ba, kamar an ba ta tukunya da murhu ne an hana ta wuta. Za ta yi aure, a saya mata keke cikin kayan ɗaki, ta ɓata yadin mutum biyu, ta ji kunya, keken ya koma wurin ɗora kwanuka. Iyayenta kuma sun yi zaton kin koya mata. A nan, Yaya, akwai haƙƙi, ba zan rufe miki ba. In da yarjejeniyar ɗinki kawai aka yi, da sauƙi. Amma uwar da ta kawo miki 'yarta ta ce ga amana ki koya mata sana'a, sana'ar gaba ɗaya take nufi.

Ban raina abin da waccan ta yi miki ba. Ka ɗauki mutum tun bai san gaban allura da bayanta ba, ya wayi gari yana zagayawa yana janye maka mutane, akwai ɗaci. In ta bi ta bayan fage tana ɓata ki ko tana karya farashi don ta kwashe su, ta yi butulci, tsakaninta da Allah. Amma ki dubi abin ta wata fuskar. Shagon nan da take ci a ciki, da yaran da take ciyarwa, da 'yan koyon da na tabbata ita ma yanzu tana da su, duk daga hannunki suka fito, ko ta gode ko ba ta gode ba. Ladan ba ya jiran godiyarta. Cikin duk waɗanda suka bi ta gidanki, ita kaɗai kika ba abin a cike, ita ce kuma kaɗai kika tabbatar tana tsaye da ƙafarta. Kin ɗauke ta a matsayin hasararki mafi girma, ni kuwa ina ganin ita ce shaidar cewa in kika koyar, koyarwarki tana kamawa. Sannan kin ci gaba da ɗinki bayan tafiyarta, har kekuna uku. Ba ta tafi da arzikinki ba.

Akwai kuma lissafin da ya kamata ki yi tun yanzu. Ido da baya suna da wa'adi. Nan da shekara goma zira zare a allura zai zama aiki, zaman keke na dare a watan azumi zai gagara. In kin horar da mutum biyu ko uku da suka iya yanka irin naki, su ne za su riƙe miki kekunan, ki zauna kina duba aiki kina karɓar rabonki. In kuwa ba kowa, ranar da idon ya ce ya gaji, sana'ar ta tsaya cak.

Don haka ki zaɓi waɗanda kika ga natsuwarsu da hazaƙarsu. Ki kira iyayensu a yi magana a fili: za ki koya musu komai, su kuma za su zauna su yi aiki tare da ke na wani lokaci bayan sun iya, shekara ko abin da kuka daidaita, kina biyan su wani abu. Wannan ba zalunci ba ne, haka sana'o'i da yawa suke tafiya, kuma ya fi ɓoye-ɓoye tsafta. Su fara da takardar buhun siminti, su koma tsofaffin zannuwa, kafin su taɓa yadin mutane. In lokacin yaye ya yi, ki yaye su da hannunki, ki sa musu albarka a gaban iyayensu, in da hali ki tura musu mai kawo ɗinki ɗaya ko biyu su fara da su. Yarinyar da aka sallama haka, da wuya ta zagaye ki. Ki kuma ɗora musu sharaɗi guda, cewa kowace a cikinsu za ta koya wa marainiya ko bazawara ɗaya kyauta. Wannan ba sabon tsari ba ne a ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta ga ba za ta iya zaga ƙauyuka ba, sai ta zaɓi dattawan mata amintattu, ta naɗa kowace jaji, ta ɗora mata malfa da jan ƙyalle, su zo su ɗauki karatu a wurinta cikin waƙoƙi, su koma su koyar da matan da ba su iya fita. Su ne 'yan taru. Da ta rasu ƙanwarta Maryamu ta ci gaba, kuma tsarin bai mutu ba har zamaninmu.

Bayan yanka, akwai abin da yaran nan ke ɗauka a wurinki ba tare da kin buɗe baki ba. Kin san sunan da teloli suka yi a wajen alƙawari, har ya zama abin barkwanci duk jajibirin salla. In suka ga kina mayar wa mai kaya ragowar yadinta ko da bai fi tafin hannu ba, in suka ga kin ce wa mace ba zan iya gama miki kafin salla ba, ki kai wani wuri, maimakon ki karɓa ki bar ta da kuka ranar idi, in suka ga yadin matar mai kuɗi da na mai sayar da ƙosai awo ɗaya kike musu da kulawa ɗaya, haka za su yi a nasu ɗakunan, haka nasu 'yan koyon za su gani. In kuma akasin haka suka gani, shi ma zai yaɗu, da sunanki a jiki ko babu.

Maganar suna kuwa, akwai wani baƙin mutum da yake share masallacin Annabi. Ya rasu da dare, sahabbai suka binne shi ba su tashi Annabi ba, kamar sun ga abin bai kai ba. Da ya rasa ganinsa ya tambaya, ya ce me ya sa ba ku sanar da ni ba, ku nuna min kabarin, ya je ya yi masa salla. A ruwayar Buhari har mai ruwayar yana kokwanton namiji ne ko mace. Shara kawai, kuma ko jinsinsa bai tabbata a bakin mai ba da labari ba. Abin da ke amfanar mamaci shi ne masu tsayawa su sallace shi, da shaidar da mutane za su yi masa. An wuce da gawa sahabbai suka yabe ta, Annabi ya ce ta tabbata, ya ce ku ne shaidun Allah a bayan ƙasa. Tabarma kuwa, wankan gawa da sallarta da binne ta wajibi ne a kan al'umma, ba a taɓa barin musulma a ƙasa don ba ta haihu ba. Ina ma jin ranar, bayan rai mai tsawo, matan da za su cika gidanku ba za su samu wurin zama ba.

Yanzu ga aikin takarda, wanda mata da yawa ke sakaci da shi har a yi rigima a bayansu. In kika riga maigida, tunda ba ki da ɗa, rabin abin da kika bari nasa ne, sauran na danginki na jini gwargwadon waɗanda ke raye. 'Yar riƙonki ba ta cikin magada, 'yar ɗan'uwa ba ta gado. 'Yan koyonki ma haka. Amma shari'a ta ba ki damar yin wasiyya da abin da bai wuce sulusin dukiyarki ba ga wanda ba magaji ba. Ki je wurin malamin da ya san gado, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, a ajiye kwafi a hannun wanda kika amince da shi a wajen gidan. A cikin sulusin nan za ki iya sa 'yar riƙonki, za ki iya cewa wani yanki na filin ya zama waƙafi bayan ranki, a riƙa noma shi ana kula da marayu ko ana gyara famfon unguwa. Kin ga kin ci moriyarsa kina raye, ya kuma ci gaba da aiki bayanki. Ki kiyaye abu guda: a mazhabarmu kyauta ba ta kammala sai wanda aka ba ya karɓa ya riƙe tun mai bayarwa yana da lafiyarsa. In kika ce keken nan na wance ne amma yana ɗakinki har ajali ya zo, ya koma cikin gado. Wanda kike son bayarwa yanzu, ki miƙa shi a gaban shaidu a ɗauke shi.

Ki sayi littafi kuma. Ɗakin tela cike yake da dukiyar mutane. Kowane yadi a rubuta sunan mai shi da abin da ta bayar da abin da ya rage, adashin da kike ciki a rubuta wa ya ɗauka wa bai ɗauka ba, wanda kike bi da wanda ke bin ki duk a rubuta. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, a kan rubuta bashi take. Na ga gidajen da aka yi shekara ana zargin mamaciya da cin leshin biki, alhali yana ƙarƙashin gado ba wanda ya san na waye.

Filin kada ya zauna haka. Ƙasarku ƙasar noma ce, ki ba da shi aro ko haya ga mai gaskiya, a zagaye iyakarsa da itatuwa, mangwaro ko zogale ko abin da ƙasar ke karɓa. Hadisin Anas ya ce duk musulmin da ya dasa itace ko ya yi shuka, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram, tun cikin shekarun 1980 manoma suka daina tumɓuke tohon gawo da sauran itatuwa a gonakinsu, suna sassabe shi suna barin mai ƙarfi ya tashi. Kowa a 'yar gonarsa ya yi, amma da aka zo aunawa sai aka tarar ƙasar da ta farfaɗo ta kai kimanin hekta miliyan 5. Ruwa kuma, in kin ɗauki adashi, ki nemi famfon tuƙa-tuƙan da ya lalace a unguwa ki sa a gyara, ki haɗa matan layinku a riƙa ajiye ɗan abu duk wata don gyaran gaba. Ko randa a ƙofar gida da moɗa, irin ta iyayenmu, a cika ta kullum lokacin bazara.

Abokiyar zamanki, ki same ta ku biyu, ba a gaban yara ba, ki ce mata maganar ranar nan ta yi miki ciwo, kuma kada ta sake. Sau ɗaya ya isa, ba da tsawa ba. In ta maimaita, maigida ya ji, domin "ba ruwana" ta yi daidai a kan dukiyarki amma ba ta yi daidai a kan abin da ake faɗa wa matarsa a cikin gidansa ba. Yaran nan bakwai kuwa kada ki haɗa su da bakin uwarsu. A gabanki suka tashi, na tabbata akwai wanda kika goya, akwai wadda kika ɗinka wa kayan makaranta ba ki karɓi ko sisi ba. Ɗa na kowa ne, kuma addu'a ba ta tambayar wa ya haifi mai yin ta. In akwai mace a cikinsu mai sha'awar keke, ki sa ta cikin waɗanda za ki koya wa yanka.

Rashin barcin nan ma kada ki bar shi. In ya ƙara mako biyu bai sake ki ba, ko kina jin ciwon kai da bugun zuciya, ki je asibiti a auna jininki, shekarunki shekarun hawan jini ne. Maganar fili ki jingine ta har bayan kaka. In lokacin ya yi, wasiyya tana rubuce, yara biyu sun fara yanka da kansu, kuma har yanzu rijiyar tana ranki, ki sake rubuto min mu duba yadda za ki shiga haɗin gwiwa da wasu a haƙa ba tare da kin taɓa filin ba. Kafin nan, gobe da safe in sun zo, kada ki jira su tashi. Ki shimfiɗa yadin a gabansu, ki miƙa wa babbarsu alli da tef.